Amsar Yaya kan tafiyar Elmina da Cape Coast

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce ko tafiyar da masu bas ɗin nan suka shirya zuwa garuruwan bakin teku na nan Ghana, wato Elmina da Cape Coast, ta cancanci kuɗin. Ni dai na gane abin da ke ranki, tsoro kike kada a kwashe mu a yini ana yawo da mu a mota a dawo da mu unguwar Nima a Accra ba mu ga komai ba. To ki ji.

Kafin kowa ya ba da ko sidi ɗaya, a tambaye su wace rana za mu iso Elmina. In Talata ce, ba ni ciki. Masuntan ƙabilar Fante ba sa shiga teku ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Za ki tarar da kwale-kwale a ɗaure, maza na zaune suna ɗinkin koma, babu saukar kifi, babu hayaniyar ciniki. To me kika je gani?

Sannan sai an kwana. Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, amma kun san Kasoa, cunkoson wurin kaɗai ya isa ya cinye safiyar mutum. A wuce mahaɗar Winneba, a wuce Mankessim, kafin a iso rana ta take. Shi kuwa Elmina, da ke gaba kaɗan da Cape Coast, garin asuba ne. Ki yi sallah ki fito kan gadar da ke kan ruwan Benya, ki ga jiragen suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tutocinsa da rubutu a jikinsa, mata sun tare su da manyan kwanoni. Matan nan su ne ke riƙe da cinikin, wasunsu ma su ke ba masuntan kuɗin mai. Daga nan a bi su wurin banda, ki ga yadda ake jera kifi a kan raga hawa-hawa ana kyafawa.

Abin da ya sa nake ɗaga murya, waccan tafiyar da muka yi da wani mai shiryawa, ba zan kira sunansa ba, har yau tana ci mini rai. Mutumin nan ya ajiye mu a gidan abinci a hanya muka daɗe, don an san shi a wurin. Da muka iso, ya kora mu cikin tsohon ginin Turawa na Elmina, ya ce mu yi sauri. Ginin da mutanen Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, wurin da a zamanin cinikin bayi aka tsare bayin Allah a ɗakunan ƙasa masu duhu kafin a fitar da su ta ƙaramar ƙofa zuwa jirgi! Cikinsu har da waɗanda aka koro da ƙafa tun daga arewa. Wurin da ya kamata mutum ya tsaya ya yi musu addu'a, shi yana busa ham. Wata baiwar Allah tana kuka, wallahi yana ce mata mota za ta tashi. Ko lokacin azahar bai ware mana ba, sai da muka yi ta faɗa.

Maganar Kakum da wata ta kawo, gadar igiyar nan ta saman itatuwa... a'a, ku bar wannan, tafiya ce daban, kuma tsofaffinmu ba za su hau ba.

Takoradi kuwa, in kwana biyu ne a ƙara ta. Tashar jiragen ruwanta tun 1928 take aiki. Ko da yake tsaya, in kifi ake so a gani, Sekondi za a nufa, can ne tashar masunta.

Don Allah kuma 'yan matanmu, kada a riƙa ɗaga waya a fuskar masu kifi ba izini, suna jin haushi, kuma da gaskiyarsu. A gaishe su, a sayi wani abu, sannan a roƙa. Hajiya ki ce su rubuto mana ranar da wurin kwana, in na gani zan fara biya.