Gudummawar Gini ko Mudun Dawa a Ƙofar Gida?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar zumuntar mata ce a Zuru, sana'ata sayar da hatsi. Tun da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka a yankin Danko-Wasagu, wasu iyalai suka sauka a kangon da ke bayan gidanmu, kuma ba dukansu ne Kirista ba. Ga shi ikkilisiyarmu tana tara gudummawar gini, ana karanta sunayen masu bayarwa ranar Lahadi. Abin hannuna ba zai kai biyun ba. Wanne zai amfane ni a ranar shari'a, tunda an koya mana cewa ba ayyuka ne suke ceton mutum ba?

AMSA: 'Yar'uwa, salama a gare ki. Abin da aka koya miki gaskiya ne, domin Manzo Bulus ya faɗa a Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba. Sai dai mutane da yawa sukan rufe Littafi Mai Tsarki a nan, ba su kai aya ta 10 ba, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Saboda haka sadakarki ba kuɗin sayen mulkin sama ba ce, shaida ce cewa bangaskiyarki tana da rai, kamar yadda Yakubu 2:17 ya nuna.

Ina so ki karanta Luka 16:19-31 a natse, labarin mai arziki da matalauci Li'azaru. Ba a tuhumi mai arzikin nan da sata ko ƙarya ba. Li'azaru ne kawai yake kwance a ƙofar gidansa, karnuka suna lasar gyambunansa, shi kuwa yana wuce shi safe da yamma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sa'ad da azaba ta ishe shi ya roƙi Ibrahim ya aiko da Li'azaru, ya ambace shi da sunansa; ashe ya san shi sarai tun a duniya. Haka kuma a Matiyu 25:31-46, inda aka raba tumaki da awaki, abin da aka bincika shi ne yadda aka yi da mayunwaci, da mai ƙishi, da baƙo, da mara tufafi, da mara lafiya, da ɗan kurkuku. Maganar addinin mutanen kangon kuwa, Galatiyawa 6:10 ta ce mu kyautata wa kowa da kowa, musamman 'yan'uwa masu bi.

Ginin majami'a aiki ne mai kyau, amma yana iya jiran kaka, yunwar yaro kuwa ba ta jira. Idan karanta sunaye ne yake sa ki jin nauyi, Matiyu 6:3-4, inda aka ce a ba da sadaka a ɓoye, ya isar miki.

Kada kuma ki ƙarar da jarinki, gama 2 Korintiyawa 8:12-13 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a nufin wasu su huta ke ki shiga ƙunci. Ki ware mudun dawa ko biyu a kowace ranar kasuwa, ki ba matan aikin sheƙa da tsinta ki biya su ladansu, domin mutuncinsu ya tsira. Sa'an nan ki kai maganar gaban zumuntar mata da dattawan ikkilisiya, ki tuna musu cewa a Ayyukan Manzanni 6 an zaɓi mutum bakwai musamman domin rabon abinci ga gwauraye mata, ki roƙa a naɗa wasu su riƙa duba mutanen kangon nan.