Amsa ga mai son mayar da Zabura 121 waƙar sujada

Salama, ɗan'uwa. Ka ce kana cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, a nan Jos, ka ɗauko Zabura 121 kana son ka yi waƙa da ita, amma kalmomin sun ƙi zama a kan muryar da ka tsara, jama'a kuma ba sa kama amshi. Alama ce ta cewa ka fara da murya, daga baya ka zo kana cusa aya a ciki. Juya tsarin: ayar ce za ta ba ka murya.

Karanta zaburar duka da ƙarfi, ayoyinta 8 ne kawai, ka maimaita har bakinka ya saba. Aya ta 1 tambaya ce: ya ɗaga ido wajen duwatsu, daga ina taimako zai zo? Aya ta 2 ce amsa: daga wurin Ubangiji wanda ya yi sama da ƙasa. Ka ga zaburar da kanta ta raba maka aiki, mai bayarwa ya yi tambaya, jama'a su amsa. Nan wasu ke zamewa, musamman mu da muke kwana muna tashi muna kallon duwatsun Shere: sai su rera kamar daga duwatsun taimakon zai fito. Amshinka yana aya ta 2.

Wannan zamewar ba a Zabura kaɗai take ba. Kafin ka rera kowace aya, duba wa ke magana. Ayuba 8:7, wadda ake yawan sa wa a waƙa a kan ƙaramin mafari da babban ƙarshe, Bildad abokin Ayuba ne ya faɗe ta, a Ayuba 42:7 kuwa Allah ya ce abokan Ayuba ba su faɗi daidai a kansa ba. Shi ya sa ake kai wa fasto kalmomin a rubuce tun ba a sa musu kiɗa ba.

Yanzu batun da ya fi ba mawaƙa wahala. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi, tana da hawa da saukar murya. Ɗauki "Ubangiji": "ban" ce mai nauyi, a nan za ka ja, "gi" gajera ce, in ka ja ta kalmar ta karye, tsofaffi za su ɗaure fuska ko da ba su gaya maka dalili ba. To, faɗi layin kamar kana gaya wa wani da ke tsallaken titi, ka ɗauka a waya, ka saurara. Inda muryarka ta hau, nan waƙa za ta hau. Inda ta sauka, nan za ta sauka. Sai ka rubuta do-re-mi ɗinsa. Waƙoƙin da aka ɗora kalmomin Hausa a kan muryar da aka tsara don wani harshe, a nan suke yawan tuntuɓe.

Amshi kada ya wuce layi 2, kowane layi abin da za a rera da numfashi ɗaya, gaɓa 8 zuwa 10. Dubi Zabura 136: ayoyi 26, amshi ɗaya tak. Baiti 3 sun isa. Na fari daga aya ta 3 da ta 4, mai tsaronka ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Na biyu daga aya ta 6, rana da wata ba za su buge ka ba. Na uku fita da shigowa na aya ta 8. Ba dole kowace kalmar aya ta shiga ba, kana iya ragewa, amma kada ka ƙara alkawarin da ba ya wurin don kawai amsa-amo ya daidaita. Ka kuma tsaya a fassarar Littafi Mai Tsarki ɗaya. Wasu dattawa da tsohuwar fassarar 1932 suka haddace, matasa na riƙe da sababbi. In ka gauraya, kowa zai ji baƙon abu. Ka tuna ikilisiyar ECWA ko COCIN a Jos ta haɗa Birom, Angas, Tarok da sauransu, Hausa ce mahaɗarsu, don haka kalma mai sauƙi ta fi ta ƙamus.

Tsayin murya kuma: ka riƙe ta tsakanin do na ƙasa da do na sama. Mai bayarwa na iya haurawa, jama'a ba za su iya ba, balle da sanyin safiyar Disamba. In ka ga maza sun yi shiru a amshi, mai kibod ya sauke ta.

Gwaji na gaskiya ba a situdiyo yake ba. Kai waƙar wurin Zumuntar Mata ranar koyon waƙa, ba jita, ba kibod, daga tulu sai kacau-kacau. Rera amshin sau 2 ka yi shiru. In sun ɗauka a na uku, ta zauna. In sun canza wani wuri da kansu, kada ka yi saurin gyara su. Sau da yawa wurin ne muryarka ta saɓa wa kalma, bakinsu ya mayar da ita hanya. Rubuta yadda suka rera, ka koya wa kwaya haka, sannan a zo maganar raba muryoyi huɗu da ɗauka a situdiyo.