Tsohon akwatin rediyo da lasifika mai buɗaɗɗen baya

Malam, ka tambaya ko za ka iya cire kayan cikin tsohuwar rediyon katako ka sa na zamani, ka bar bayanta a buɗe. Zai yiwu sosai, domin da yawa daga cikin rediyoyin shekarun 1930 da 1940 haka aka ƙera su.

Matsalar ita ce raguwar sauti mai kauri. Lasifika tana tura iska gaba da baya lokaci guda, kuma idan babu murfi, iskar baya tana zagayowa ta kashe ta gaba. Shi ya sa ƙaramin akwati yake ba da murya garau amma babu nauyi. Ka nemi babbar lasifika, inci 10 ko 12, wadda Qts ɗinta (wata lamba a bayanan lasifika mai nuna yadda take fitar da sauti mai kauri) ya kai 0.7 ko fiye. Ƙaramar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) nau'in da ake kira Class D mai Bluetooth ta wadatar.

Da na yi nawa, zizar da ta dame ni daga gilashin lambobin tasha take fitowa. Sai da na sa masa roba, na kuma ɗaura lasifikar a sabon katako mai kauri. Kada ka jingina akwatin da bango, bar tazarar kamar mita ɗaya.

Don Allah kada ka jona tsohon injin da wuta don gwaji. Wasu tsofaffin rediyoyi ƙarfensu yana ɗaukar lantarki, kafasita (wani ɓangare a cikin injin) tana riƙe caji, wasu kuma akwai asbestos a ciki, wani abu da ƙurarsa ke cutar da huhu. Ka bar wa ƙwararren mai gyaran rediyo cire shi.