Ta yaya hakimi daga Adamawa ya zama ministan tsaron Najeriya?

Tambaya: Ina yawan jin sunan Barikin Ribadu a Kaduna, an ce min sunan wani hakimi ne daga Adamawa. Ta yaya mutumin karkara mai ra'ayin riƙau ya kai ga riƙe sojojin ƙasa, kuma me ya yi da muƙamin?

Amsa: Alhaji Muhammadu Ribadu ke nan, wanda aka haifa wajajen 1910 a Balala, lardin Adamawa. Ɗan hakimi ne. Ya yi Midil ta Yola, ya koyar, ya gaji mahaifinsa a hakimcin Balala a 1936, ya kuma yi aikin baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, ta Adamawa.

A wancan zamani En'e ita ce tsanin siyasar Arewa. Zaɓen 1951 ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa ne: ƙauye ya fitar da wakilai zuwa gunduma, gunduma ta tura nata gaba, har a kai matakin lardi inda ake zaɓen 'yan majalisa, kuma a can En'e tana da damar cusa nata mutane. Wanda ya san dagatai, ya san littafin haraji, kuma Lamiɗo ya yarda da shi, to ya gama rabin aiki tun kafin a zauna. Wannan tsari ne ya wahalar da jam'iyyar adawa ta NEPU, ya yi wa jam'iyyar NPC, wadda Ribadu ke ciki, riga da wando. Ribadu ya shiga majalisar Arewa a 1947, ya zama minista a Ikko a 1952, ya riƙe albarkatun ƙasa, daga baya filaye da ma'adinai da lantarki, sannan harkokin birnin Ikko, kafin tsaro daga 1960. A jam'iyya kuwa shi ne na uku, bayan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma dukansu biyun suna jin maganarsa. Wannan, a ganinmu, ya fi kowace kujera ba shi ƙarfi.

Riƙau ɗin nasa na kare sarauta da martabar Arewa ne, bai hana shi gina sababbin abubuwa ba. A 1964 kaɗai aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna da taimakon Indiya, aka kafa rundunar sojan sama da taimakon Jamus ta Yamma, aka kuma kafa masana'antar makamai ta DICON, ita ma a Kaduna. Yarjejeniyar tsaro da Birtaniya ce ta zame wa gwamnati ƙarfen ƙafa: ɗalibai da 'yan adawa suka yi mata caa, aka soke ta a 1962.

Inda aka fi ce-ce-ku-ce shi ne rabon gurabe. Lokacin samun 'yanci, kurata da yawa 'yan Arewa ne, amma hafsoshin Arewa 'yan ƙalilan ne, saboda ƙarancin makarantun sakandare. Sai a 1961 aka sa ƙa'ida wajen ɗaukar hafsoshi: kashi 50 cikin ɗari ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma. An rage giɓin, amma da tsada. Hafsoshin Kudu suka fara ganin siyasa ce ke raba gurabe, ga kuma Turawa suna tafiya, ana ɗaga matasa cikin gaggawa, waɗanda suka shigo a bayansu suka tarar da hanya a cushe. Baturen ƙarshe da ya shugabanci rundunar, Welby-Everard, ya miƙa wa Aguiyi-Ironsi a farkon 1965.

Ribadu ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1965, Inuwa Wada ya gaje shi. Dattawa kan ce da yana raye da ba a yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ba. Kwarjininsa a bariki gaskiya ne, sai dai rikicin zaɓen 1964 da ƙorafin hafsoshi duk sun riga rasuwarsa.