Uwargidan Fasto, kada takardun iyalinki su tafi a sadakar ƙanin miji

Wata 'yar'uwa ta rubuto mini daga Mancesta. Wata shida ke nan da ita da maigidanta da 'ya'yansu uku suka sauka Ingila, inda wata ikilisiya ta kira shi aikin bishara a kan bizar shugaban addini. Surukarta ta matsa lallai sai an kawo ƙanin mijin, wani dillali a Abuja kuma ya ce idan aka ba shi miliyoyin naira zai samo wa yaron takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi, ko kuwa Fasto ya roƙi dattawan ikilisiya su rubuta shi a matsayin mataimaki. Maigidan har ya fara tunanin yin aikin kai kaya da dare domin ya haɗa kuɗin. Tana tambaya ko rashin biyayya ne idan ta hana.

Uwargida, ba rashin biyayya ba ne, kuma ina bayanki a wannan magana. Dillalin nan maƙaryaci ne, domin tun 22 ga Yuli, 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, saboda haka abin da yake tallata muku babu shi. Ko a lokacin da ƙofar take buɗe, na ga waɗanda suka sayar da gona da shanu suka biya irin waɗannan mutane, suka iso suka tarar kamfanin ba shi da ko awa ɗaya ta aiki da zai ba su, wasu kuma takardar ma ta jabu ce. Sunayen duk masu lasisin ɗaukar nauyi suna nan a shafin gwamnati na intanet, kowa na iya dubawa kyauta, kuma mai ba da shawarar shige da fice a Birtaniya dole ya kasance lauya ko mai rajista da IAA, hukumar da ke sa ido a kan masu ba da irin wannan shawara.

Hanya ta biyu ce ta fi tayar mini da hankali, domin tana zuwa da rigar taimako. Zaman ku biyar ɗin nan a rataye yake a wuyan lasisin ikilisiyar. Idan dattawa suka ji nauyin Fasto suka rubuta wa ƙaninsa aikin da babu shi, ranar da ma'aikatar cikin gida ta zo bincike ta gano, za ta iya soke lasisin, sannan a rage muku izinin zama zuwa kwana 60. Ki yi tunanin cire yara daga makarantar da suka fara sabawa da ita, da kuma abin da jama'ar unguwa za su ce game da mai wa'azin da ya fara hidimarsa da takardar ƙarya. Aikin dare ma haka yake. Bizarsa ta yarda da ƙarin aiki na awa 20 a mako, amma a cikin ayyuka ƙayyadaddu, kada ya hau keken kai abinci yana zaton babu mai gani. Ke ce kike da izinin aiki mai faɗi a matsayinki na matarsa, kuma abin da kika samu hakkin gidanki ne da farko.

Game da Mama, na san nauyin maganar uwa a wurinmu, amma ta yanke hukunci ne a kan lissafin da ba ta gani ba. Mutanen gida suna jin fam sai su buga shi da naira, ba su san kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma da gas na hunturu ba. Ba su san cewa ba ku da damar karɓar tallafin gwamnati ba, ko cewa kuɗin asibiti na biza fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, wato 4,398 a gidanku, kuma ranar sabunta biza ta shekara uku sai kun ajiye sama da 13,000 kafin kuɗin bizar kanta. Fasto ne ya kamata ya faɗa mata wannan da bakinsa, cikin ladabi, a gaban wani kawu ko dattijon ikilisiyar gida da take jin maganarsa. Kada ya bar ki ki zama mai kai saƙon, domin a kanki za a ɗora laifin har abada.

Ku yanke wani abu da za ku iya aika mata kowane wata ba tare da bashi ba, ko da kaɗan ne, ku riƙe shi. Idan ƙanin yana da sana'a ko karatu, ku taimaka masa da jari a gida gwargwadon ƙarfinku. Ke kuma ki shiga zumuntar mata ta ikilisiyar, ki tabbata kun yi rajista da likitan unguwa, ki riƙa zuwa taron iyaye a makarantar yara, ki fara ware kuɗin sabunta biza daga albashin wannan watan.