Tambaya da Amsa: Shin ruwan Kusugu Zamzam ɗin Hausa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Da sallar nan mun je Daura aka kai mu rijiyar Kusugu, sai na ga mutane suna ta cika gora wai na tabarruki, har kakata ta ce lallai in ɗebo mata ai shi ne Zamzam ɗinmu na Hausa. Don Allah haka ne? Daga 'yar'uwarku a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Kusugu rijiya ce mai daraja a wajenmu, a nan ne labarin kaka da kakanni ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, daga nan ya auri Sarauniya Daurama aka samu tushen Hausa Bakwai. Ni kaina ranar da na leƙa cikinta na ga ruwan can ƙasa sai da tsigar jikina ta tashi. Amma darajarta ta tarihi ce, babu aya ko hadisi da ya ce ruwanta na da albarka ta musamman.

Zamzam kuwa daban take. Tana cikin Harami, kusan mita 20 gabas da Ka'aba, zurfinta wajen mita 30, ta ɓuɓɓugo ne lokacin da Nana Hajara ke kai da komowa tsakanin Safa da Marwa har sau 7 tana neman ruwan da za ta ba jaririnta Annabi Isma'il, daga baya aka binne ta aka manta inda take sai Abdulmuɗallib kakan Manzon Allah (SAW) ya sake haƙo ta, kuma akwai hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa ruwanta yana amfani ga abin da aka sha shi dominsa. Yanzu ma alhazai ba sa ganin bakin rijiyar, famfo ke zuƙo ruwan a tace shi a unguwar Kudai da ke Makka, shi ne jarkar nan mai lita 5 da ake dawowa da ita.

Don haka ki kai wa Kaka ruwan Kusugun ta sha abinta, ruwan garin kakanni ne, sai dai ki lallaɓa ki faɗa mata cikin ladabi kar ta ɗora masa niyyar Zamzam. In kuma akwai alhajin da ya dawo a unguwarku ki roƙo mata Zamzam ɗin ko da rabin kofin shayi ne, ta fuskanci alƙibla ta yi bismillah ta roƙi abin da take so.