Me ya sa har yau ake zancen kakar wasan Barry Sanders ta 1988?

Malam, ka tambayi abin da ya bambanta kakar Sanders a Jami'ar Jihar Oklahoma da ta sauran masu rugawa da ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka (American football). Duba lissafin: a wasanni 11 an miƙa masa ƙwallo sau 344, ya ci yadi 2,628, ya kutsa gidan abokan hamayya sau 37, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Kusan yadi 7.6 ke nan duk rugawa, alhali yadi 10 ake nema cikin yunƙuri huɗu. Tsawon shekara biyu kafin nan, abokin wasansa Thurman Thomas ne a gabansa a wannan gurbin.

Sanders gajere ne, ƙafa 5 da inci 8. Yakan tsaya cak ya kauce, mai tsaro ya rungumi iska. Illar salon: ja da baya neman kafa kan jawo asarar yadi.